Eagles 40, Chiefs 22: murnar nasara aka yi, ko murnar faɗuwar Chiefs?

ƊanFagge_NY:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka kalli Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, na daren Lahadi 9 ga Fabrairu 2025 ce. Eagles ta Filadelfiya ta lallasa Chiefs ta Kansas Siti 40 da 22 a Niyu Olins, wannan kowa ya gani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda jama'a suka karɓi sakamakon. A wurin aikinmu akwai magoya bayan Giants, akwai wani ɗan Cowboys na gani-kashe-ni, kuma duk wanda ya san wasan nan ya san waɗannan ba sa ga maciji da Filadelfiya. Amma da safiyar Litinin kowa baki har kunne, ana ta tafawa. Ni a ganina yawancin ihun da aka yi a Amurka daren nan ba don son Eagles ba ne, don an ga bayan Chiefs ne. Abin bai yi mini daɗi ba. Ƙungiyar da ta je wasan ƙarshe sau 5 cikin shekara 6 ta cancanci a girmama ta ko da ta faɗi. Ku me kuka gani?

BabanHanif_Philly:
Wa alaikumus salam. Malam, can Niyu Yok wataƙila haka ne, amma nan garin ba wanda ya tuna da Chiefs bayan an tashi. Ni tuƙi nake yi, kuma daren nan ina kan hanya har aka rufe tsakiyar gari. Na ɗauko wani dattijo da 'yarsa daga Arewa maso gabashin birni, suna so su kai Titin Broad. Yana sanye da tsohuwar rigar Eagles, koren nan mai haske na da, duk ta koɗe, hannunta ɗaya an yi mata faci. Ya ce mini ta mahaifinsa ce, wanda ya ga kofin 1960 da idonsa, ya yi ta jiran wani har ya rasu bai ga na 2018 ba. Muna tafe yana buga wa 'yan'uwansa waya ɗaya bayan ɗaya, ba ya cewa komai sai ihu, su ma su mayar masa da ihu, ya kashe ya kira na gaba. Wannan mutumin ina ruwansa da Mahomes, mai jefa ƙwallo na Chiefs? Abin gado ne a wurinsu.

Sadiya_M:
Gaskiyar BabanHanif. Kuma kar a manta akwai bashi. A 2023 Chiefs ɗin nan ce ta doke su 38 da 35, bayan alƙali ya busa laifin riƙo a kan Bradberry, ɗan tsaron Eagles, saura ƙiris a tashi. Shekara biyu suna haɗiye wannan.

Auwal_KC:
Ni ɗan Chiefs ne, a Kansas Siti nake zaune, kuma ban gudu ba, ga ni. An doke mu duka na gaskiya. Kafin hutun rabin lokaci 24 da nema ne, yadi 23 kacal muka ci gaba ɗaya a wannan rabin. Ba alƙali, ba rashin sa'a, an fi mu ne kawai.

Amma ina tare da ƊanFagge. Mako biyu kafin wasan, ko'ina ka leƙa a intanet zancen ɗaya ne, wai alƙalai na Chiefs ne, wai an rubuta sakamako tun kafin a buga. To ga shi an buga. Ina masu cewa an rubuta? Ko ɗaya ban ga ya fito ya ce a yi haƙuri ba. Kuma Yaya Sadiya, shi kansa Bradberry bayan wasan 2023 ya amsa cewa ya riƙe rigar ɗan wasanmu.

Sadiya_M:
Ya amsa, ban musa ba. Amma irin wannan riƙon sau nawa aka yi a wasan ba a busa ba sai a wannan lokacin? Abin da ke ci wa mutane rai ke nan.

MaiGoron_Buffalo:
Auwal, kar ka sa in yi magana. Mu 'yan Bills ranar da kuka fitar da mu 32 da 29 har yau ban huce ba. Josh Allen, mai jefa ƙwallonmu, ya kai layin da ake nema a yunƙurin ƙarshe, alƙalin gefe ɗaya ya nuna ya kai, ɗayan ya nuna bai kai ba, aka ɗauki na wanda ya ce bai kai ba. Kafin nan kuma ga abin da aka yi wa Texans, a ɗan taɓa Mahomes sai alƙali ya jefa tutar laifi. Ni ban ɓoye ba, na yi murna daren Lahadi, kuma ba don Eagles na yi ba. Don haka ƊanFagge, a kaina dai ka yi gaskiya.

Kabiru_Gwale:
Don Allah ku yi haƙuri da ni, ni sabon shiga ne. Daga Kano na kalla a waya, ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare aka fara, na kai har wajen huɗu na asuba. Na ji daɗi amma abubuwa da yawa sun shige mini duhu. Ta yaya ake samun maki har 40? Kuma me ya sa ake yawan tsayawa? Minti biyar na agogon wasa sai ya ci rabin awa.

Injiniya_Bash:
Kabiru, sannu da ƙoƙari. A taƙaice: ƙungiyar da ke da ƙwallo ana ba ta yunƙuri 4 ta ci yadi 10. In ta ci, a sake ba ta wasu 4. In ta kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya, wannan shi ne tacdawun, maki 6, sai ƙarin bugun ƙafa maki 1, ko a sake gwada shiga a samu 2. In an kasa kaiwa amma an matso kusa, sai a buga da ƙafa tsakanin sandunan nan biyu, maki 3. Eagles ta yi tacdawun 4, Jake Elliott kuma ya buga na maki uku sau 4. Lissafa ka gani, 28 da 12, 40 ke nan.

Tsayawar kuma, wani ɓangare tsarin wasan ne, don bayan kowane yunƙuri sai an sake jeri. Wani ɓangaren kuwa talla ce. Tallar daƙiƙa 30 a wasan 2025 ta kai wajen dala miliyan 8.

Kabiru_Gwale:
Na gode Injiniya, Allah ya ƙara sani. To wancan da suka taru suka tura mutum ɗaya ta baya har ya shiga fa? Halal ne a dokar wasan?

Injiniya_Bash:
Halal ne zuwa yanzu, kodayake akwai masu neman a hana. In saura yadi ɗaya, Hurts, mai jefa ƙwallo na Eagles, ya karɓi ƙwallo ya sunkuya, na gabansa su buɗe hanya, na bayansa su ingiza shi kamar masu tura motar da ta maƙale a laka. Da shi suka ci makin farko. Wasu ƙungiyoyin sun kwaikwaya, ba ta yi musu kyau kamar Eagles ba, don ba su da irin ƙattin da ke gaban Hurts.

Tunda na karɓi magana, bari in faɗi abin da nake ganin masu ihun "Mahomes ya ƙare" ba su lura da shi ba. Wasan nan a layin gaba aka ci shi. Vic Fangio, mai horar da masu tsaron Eagles, bai ƙara ko mutum ɗaya a kan masu kai wa Mahomes farmaki ba. Mutum huɗu kawai yake turawa, sauran bakwai su koma baya su toshe duk inda za a jefa ƙwallo. A ƙa'ida in ka tura huɗu, masu kare kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, su biyar ya kamata su riƙe su. Sai ga shi huɗun nan sun kayar da Mahomes sau 6, abin da ba a taɓa yi masa a wasa ɗaya ba. Josh Sweat da Milton Williams suka yi ta shiga ta ko'ina. Mutumin da bai samu daƙiƙa biyu ya ɗaga kai ba, dole ya yi jifan gaggawa. Daga nan Cooper DeJean ya cafke ɗaya ya ruga da ita yadi 38 har gida, ranar da ya cika shekara 22. Zack Baun ya cafke ta biyu dab da gidan Chiefs, A.J. Brown ya ƙarasa. Wanda ya ce Mahomes ne kaɗai ya faɗi bai kalli layin da ke gabansa ba.

Auwal_KC:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Matsalar gefen hagu tun tsakiyar kaka muke kuka da ita. An ɗauke Joe Thuney daga gurbinsa an kai shi can ƙarshen layi don a toshe rami, sai aka buɗe wani ramin a inda ya bari. Abin da ya same mu a 2021 da Tampa ta ci mu 31 da 9 shi ne ya maimaita kansa.

Zee_Minna:
Ni dai Hurts na yi wa murna. Yaron da aka cire a rabin lokaci a wasan ƙarshe na jami'o'i a 2018, duniya tana kallo, bai yi rigima ba, ya zauna a Alabama wata shekara kafin ya koma Oklahoma. An ɗauke shi a zagaye na biyu a 2020, 'yan Filadelfiya da kansu suna cewa an yi asarar zaɓe. Yau ga shi gwarzon wasa. Haƙuri dai bai taɓa ba da kunya ba.

Hajiya_Nas:
Ku yi ta lissafin yadi, ni abin da ke damuna daban ne. Aikin jinya nake yi a nan Filadelfiya, kuma duk daren da Eagles ta ci babban wasa mun san ba barci. Karaya, fashewar kai, ƙuna, wanda ya sha ya faɗi a hanya cikin sanyi. Makonni biyu kafin wannan wasan, daren da suka ci Commanders 55 da 23, wani ɗalibi ɗan shekara 18 ya hau sandar fitila ya faɗo, bayan kwana biyu ya rasu. Ɗan mutane, an turo shi karatu. Magajiyar gari ta fito ta roƙi jama'a kar su hau, amma daren Lahadi sai da aka hau, aka tumɓuke fitilun kan hanya, aka kunna wuta a titi. BabanHanif, dattijon da ka ɗauka na yarda soyayya ce. Wannan kuma me za a kira shi?

BabanHanif_Philly:
Hajiya, ban kare wannan ba ko kaɗan, Allah ya ba iyayensa haƙuri. Abin da zan ce kawai, mutanen da suka fito dubbai ne, masu ɓarnar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma su kyamara take bi. Na ga iyali da jarirai a keken turawa, na ga baƙi da farare da 'yan Asiya suna rungumar juna, mutanen da ranar Talata ko gaisawa ba za su yi a jirgin ƙasa ba. Hawan sanda kuwa ya zama musu wata al'ada marar kyau. A 2018 har maiƙo 'yan sanda suka shafa wa sandunan, bai hana ba, ƙara musu ƙaimi ma ya yi.

Hajiya_Nas:
To ai shi ne. In an mayar da abu abin alfahari, yaro zai gwada. Ni 'ya'yana a falo suka yi ihunsu, ban bar kowa ya fita ba.

Auwal_KC:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ciwo. A faretinmu na murnar kofi na 14 ga Fabrairu 2024 aka yi harbi kusa da tashar Union, mace ɗaya ta rasu, sama da mutum 20 suka ji rauni, da yawansu yara. Tun ranar ban ƙara kallon taron murna da ido ɗaya ba. Ku da ke Filadelfiya ku kula a naku faretin ranar Juma'a.

AlhajiTanko58:
Yara, bari tsoho ya sa baki. Na zo ƙasar nan karatu a shekarun 1980, kuma abin da ya sa na fara kallon wasan nan Christian Okoye ne, ɗan Inugu, yana Chiefs. A 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar, yadi 1,480. Lokacin in ka ce kai ɗan Najeriya ne, sai Ba'amurke ya ambaci sunansa. A zamanin Chiefs ba ta cin komai, tausayinta ma ake ji. Daga kofin 1970 sai da suka yi shekara 50 kafin su ga wani. A 2020 da suka ci 49ers, kusan kowa ya taya su murna, ana cewa kocinsu Andy Reid ya sha wahala, ya cancanta. Mutanen nan dai su ne yau suke zagin su. Haka aka yi wa Cowboys a shekarun 1990, haka aka yi wa Patriots shekara ashirin. Ɗan Adam ba ya son ganin mutum ɗaya a sama kullum. ƊanFagge, abin da ka gani gaskiya ne, amma ba sabo ba ne, kuma in Eagles ta ƙara biyu a jere za ka ji abin da za a ce da ita.

ƊanFagge_NY:
Ranka ya daɗe Baba Alhaji, na ji. Sai dai ni abin da ya fi ba ni mamaki, tsarin gasar nan an gina shi ne don kar kowa ya daɗe a sama. Akwai iyakar albashin da ƙungiya za ta kashe, kuma wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa. Wanda ya yi mulki a cikin irin wannan tsari ba da kuɗi ya saya ba. Ba a taɓa cin Super Bowl uku a jere ba, kuma su ne na farko da suka ci biyu suka dawo wasan ƙarshe a shekara ta uku. Ko wannan bai isa a tafa musu ba?

Injiniya_Bash:
Ƙarin bayani kaɗan: Packers ta ci kambun gasar uku a jere daga 1965 zuwa 1967, amma na farkon kafin a fara Super Bowl ne. Don haka maganarka tana nan daidai in Super Bowl ake nufi.

MaiGoron_Buffalo:
A tafa musu? Wasa 15 suka ci a kaka, 11 daga ciki da tazarar da ba ta wuce ci ɗaya ba. An toshe bugun Broncos a daƙiƙar ƙarshe, Raiders sun yar da ƙwallo da kansu, ɗan yatsan ƙafar ɗan wasan Ravens ya taka layi. Duk shekara suna tsallake rijiya da baya. Ranar Lahadi sa'a ta ƙare, aka ga ainihin ƙarfinsu.

Auwal_KC:
Sau ɗaya sa'a ce, sau biyu sa'a ce. Sau 11 kuma iyawa ce, ɗan'uwa.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan ƙarfe sha ɗaya da rabi aka fara, mun fi ku sauƙi Kabiru. Abin da wasu ba su sani ba, Eagles tana da izinin tallata kanta a Gana, kuma a Akara aka yi sansanin farko na NFL a Afirka a 2022, Osi Umenyiora ya jagoranta. Don haka yaran da suka fara bin wasan a nan yawanci Eagles suka sani. Ba su da wata tsohuwar gaba da Chiefs. Mu murnar nasara muka yi tsantsa.

Zee_Minna:
Kuma akwai Moro Ojomo a layin tsaron Eagles, haifaffen Legas ne. A ɓangaren Chiefs ma a wasan akwai Omenihu, ɗan asalin Najeriya. Ko ta ina aka faɗi akwai namu a ciki.

Sagir_Tudunwada:
Ni tambayata ɗaya. Yanzu zancen Mahomes zai kamo Brady, tsohon kwatabak na Patriots da Tampa, ya mutu ko?

Sadiya_M:
Ya mutu murus. Brady kofi 7, kuma sau ukun da ya faɗi a wasan ƙarshe da tazarar 3, da 4, da 8 ne. Mahomes an ci shi da tazarar 22, yanzu kuma 18, wannan ma don Eagles ta saki jiki ne bayan an kai 40 da 6. Ɗaya daga cikin dukan ma Brady ne ya yi masa da hannunsa.

AlhajiTanko58:
'Yata, yaron a wasan nan shekararsa 29 da kofi 3. Brady bayan kofinsa na uku sai da ya yi shekara 10 kafin ya ɗaga na huɗu. Kar ki yi saurin rufe littafi.

Malam_Habu:
Ina karanta ku tun jiya. Abu ɗaya zan tunatar, don na ga wasu a wani zauren suna nuna takardar cacar da suka ci a kan wasan. Kallo daban, caca daban. A ƙasar nan yanzu tallar caca ta cika kowane hutu na wasa, a waya take, ba sai ka je ko'ina ba. Wani ɓacin ran da kuke gani a intanet ba na ƙungiya ba ne, na kuɗin haya ne da ya tafi. Mu kiyaye, mu kuma kula da samarinmu.

Hajiya_Nas:
Allah ya saka, Malam. Wannan ma muna ganin ƙarshensa a wurin aiki.

BabanHanif_Philly:
Na dawo da rahoton fareti. Yau Juma'a an rufe makarantun gwamnati, tun asuba mutane suke kama wuri cikin sanyi, daga filin wasa a Kudancin birni, a bi Titin Broad, har matakalar gidan kayan tarihi. Da ƙyar na samu hanyar zuwa masallaci, sai da na ajiye mota nesa na taka. A sahu na ga matasa da korayen riguna a ƙarƙashin jallabiya, ana sallamewa suka nufi can. An jefi manajan ƙungiyar, Howie Roseman, da gwangwanin giya a goshi har ya yi jini, ya ci gaba da abinsa. Kuma Auwal, abin da ka ji tsoro ya so ya faru, an harbi mata biyu a kusa da wurin, amma an ce suna raye.

ƊanFagge, na saurara da kyau saboda tambayarka. Sunan Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo na Eagles, na fi ji a bakin mutane, sai Hurts, sai Brandon Graham da ya dawo daga rauni don ya buga wasan. Barkley yadi 57 kawai ya yi a wasan ƙarshe, amma sun san shi ya kawo su, ya haura yadi 2,000 a kaka. In an yi zagi ma, Cowboys ake zagi, ba Chiefs ba. Andy Reid kuwa shekara 14 ya yi yana horar da Eagles, har yanzu akwai masu ganin girmansa a nan.

ƊanFagge_NY:
To ai Barkley ɗin shi ne abin da ya ƙara ɗaure mini kai. Giants ce ta sake shi ya tafi wurin abokan gaba, ya je ya ɗauki kofi. Ɗan Giants na gaskiya kamata ya yi ranar Litinin ya kasa cin abinci. Amma na wurin aikinmu murna suke. Na yarda Filadelfiya don kanta ta yi murna, Kumasi ma haka. Sauran mutum miliyan 127 da aka ce sun kalla fa?

Sadiya_M:
Wasu don Barkley ɗin suka yi, suna ganin shugabannin Giants ne suka wulaƙanta shi. Ba komai ne ƙiyayyar Chiefs ba.

MaiGoron_Buffalo:
Nawa dai ƙiyayyar ce, kuma in Allah ya kai mu Janairu mai zuwa muka sake haɗuwa da su, a Buffalo nake so a buga, cikin ƙanƙara.

Auwal_KC:
Allah ya kai mu. A Janairun 2024 ma a Buffalo aka buga, ka tuna yadda aka tashi.

Kabiru_Gwale:
Yaushe za a dawo sabuwar kaka? Kuma ni da ban da ƙungiya har yanzu, wacce za ku ba ni shawara in bi? Abokaina a unguwa duk Eagles suke cewa saboda ita ta ci, ni kuma ba na so a ce don nasara na zo.

Injiniya_Bash:
Satumba. Kafin nan akwai zaɓen sababbin 'yan wasa a ƙarshen Afrilu, ka kalla, za ka fahimci yadda ake gina ƙungiya. Zancen wadda za ka bi kuwa, kar ka tambaya a zauren nan, kowa tasa zai ba ka.

AlhajiTanko58:
Ka zo Chiefs, ɗana. Yanzu ne lokacin shiga, ba wanda zai ce don kofi ka zo.